Ranar da na ɗauki dutse

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Assalamu alaikum 'yan'uwana. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Kuma kafin na nuna kowa da yatsa, da kaina zan fara, domin ina cikin mutanen da zan yi magana a kansu.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai, ranar kasuwar garinmu ce, da la'asar sakaliya, aka aike ni sayen kalanzir. Ina tsaye ana auna mini sai ihu ya tashi daga wajen 'yan tireda: "Ɓarawo! Ɓarawo! A tare shi!" Ban ga abin da aka sata ba, ban ga wanda aka yi wa satar ba. Na dai ga mutane suna gudu, ni ma na dire galan na rufa musu baya. Kafin na isa an cim masa a bakin kwata, bayan rumfar mahauta. Yaro ne, da ƙyar zai girme ni da shekara biyu. Riga ta yage, silifas ɗaya ya fita yana can gefe a kife, shi kuwa ya haɗa hannu biyu a ka yana cewa, "Don Allah ku tsaya ku ji, don Annabi ku tsaya ku ji." Babu mai ji. Mai gora na dukansa, mai bel na dukansa, wani daga baya yana ta kururuwar a kawo taya.

Sai na sunkuya na ɗauki dutse. Har yau ina jin ɗuminsa a tafin hannuna, don rana ta yini tana gasa shi. Na jefa, ya same shi a kafaɗa. Ban san sunansa ba, bai taɓa yi mini komai ba, kuma a daidai wannan lokacin, Allah Ya gafarta mini, ji nake yi aikin kirki nake yi.

Wata tsohuwa mai ƙosai da muke kira Inna ce ta bar kaskonta a kan wuta, ta ratso cikin maza, ta cire mayafinta ta lulluɓa wa yaron, ta tsaya a kansa. Ba ta ja aya ba, ba ta yi wa'azi ba. Mutane ta shiga kira ɗaya bayan ɗaya. "Kai mai gora, ba kai ne aka yi wa haihuwa wancan makon ba? Kai kuma, ai tun kana goye na san ka, ajiye icen nan." Sai ta juyo ta dube ni. "Har da kai, ɗan gidan Malam? Da hannun da kake riƙe allo?"

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Duk wanda ta kira sai ka ga ya sunkuyar da kai ya ja da baya. Taron da ɗazu yake kamar wata dabba guda mai hannu ɗari, ya koma wane da wane da wane, kowa da gidan da ya fito. Aka samu dattawa suka ɗaga yaron suka kai shi ƙofar mai unguwa. Ƙosanta kuwa ya ƙone ƙurmus.

Na daɗe ina juya abin da tsohuwar nan ta yi. Sai daga baya, ina karatun Suratu Maryam, na zo kan aya ta 95: "Wa kulluhum atihi yaumal ƙiyamati farda." Kowannensu zai zo wa Allah ranar ƙiyama shi kaɗai tilo. Na ce ashe abin da Inna ta yi mana ke nan. Ta raba mu ɗaiɗai tun a duniya, kafin a raba mu ɗaiɗai a inda babu sauran gyara.

Domin babbar yaudarar da Shaiɗan ke yi wa mutum a cikin taro ita ce ya raya masa cewa laifin zai rabu. Mu ɗari ne, to nawa kason kaɗan ne. Ni dutse ɗaya na jefa. Ni ashana kawai na miƙa. Ni ban ma taɓa shi ba, hoto nake ɗauka. Gobe idan aka tambaya wa ya kashe shi, sai a ce "jama'a ce", ko a ce "kwanansa ne ya ƙare". To a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, wasu mutane biyar ko bakwai sun haɗu sun yaudari mutum guda sun kashe shi a San'a ta ƙasar Yaman. Umar ya sa aka yi musu ƙisasi gaba ɗayansu, ya ce da mutanen San'a kaf za su haɗa baki a kan kisan, da ya kashe su kaf saboda shi. Imamu Malik ya kawo wannan. Kuma Tirmizi ya ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa da mazauna sama da mazauna ƙasa za su yi tarayya a cikin jinin mumini guda, da Allah Ya kifa su duka a wuta. Jini ba gādo ba ne da za a kasafta shi, wannan ya ɗauki sudusi wancan ya ɗauki sumuni. Duk wanda ya sa hannu, cikakken kaya yake ɗauka.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne tambayar da na daɗe ina yi wa kaina: wa ya koya mini? A gidanmu ba a taɓa zaunar da ni aka ce idan ka ji ihun ɓarawo ka ɗauki dutse ba. Sai dai na tashi ina jin manya a majalisa suna ba da labarin yadda aka ƙona wani a tasha, suna dariya, suna cewa maganinsu ke nan. Na tashi ina jin ana kiran wanda ya tsaya a baya matsoraci, ana yi wa wanda ya fara kai duka kirarin namijin duniya. Na tashi ina jin cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ana faɗinta da alfahari. Babu wanda ya ba ni darasi, amma kafin na kai sha bakwai na haddace karatun tsaf. Haka al'umma ke renon ɗanta a kan zubar da jini ba tare da ta sani ba: da hira, da kirari, da zuga, da irin sunan da take kiran wasu mutane da shi idan babu baƙo a wurin.

Larabawan jahiliyya sun san wannan hanya sarai. Yaƙin Basusa tsakanin ƙabilun Bakru da Taglibu, 'yan'uwan juna ne na jini, ya ci shekara wajen arba'in, kuma asalinsa taguwa ce guda. Kulaibu, shugaban Taglibu, ya ga taguwar baƙon wata tsohuwa mai suna Basusa ta shiga makiyayarsa, ya harbe ta a hantsa. Da a nan aka tsaya, taguwa ce za a biya. Amma tsohuwar ta fito tana kururuwar an wulaƙanta ta, tana jera baitocin gori ga danginta, har ɗan 'yar'uwarta Jassasu ya kasa jurewa ya je ya soke Kulaibu. Daga nan aka shiga. Wani dattijon Bakru, Harisu ɗan Ubbadu, ya ƙi sa hannu a yaƙin, ya ma tura yaronsa Bujairu don neman sulhu. Muhalhilu, ɗan'uwan Kulaibu, ya kashe yaron, ya ce a bakin igiyar takalmin Kulaibu. Ku dubi wannan magana da kyau. Ran ɗan mutum ya koma daidai da maɗaurin takalmi, saboda kawai daga ɗaya ɓangaren ya fito. Kalmar nan ce ta jawo dattijon da ya guji yaƙi ya shiga yaƙi.

Ina so ku lura, tsohuwa ce ta kunna waccan wuta da bakinta, tsohuwa ce kuma ta kashe tamu ta kasuwa da bakinta. Shi ya sa iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, ba ku cikin 'yan kallo a wannan magana. Abin da uwa ta faɗa ranar da ɗanta ya dawo daga tarzoma, ko ta yi masa guɗa ko ta juya masa baya, shi yaron zai riƙe har ya tsufa.

Musulunci ya zo ya tarar da mutane a kan wannan hali, kuma bai kau da kai ba. A yaƙin Banul Musɗaliƙ wani daga Muhajirai ya shuri wani daga Ansar a wajen ruwa. Wannan ya ɗaga murya, "Ina Ansar!" wancan ya ɗaga murya, "Ina Muhajirai!" Sunaye ne masu daraja, Alƙur'ani ya yabe su duka biyu. Amma da aka mayar da su ƙahon kiran gayya, Manzon Allah (SAW) ya fito ya ce mene ne haka, kiran jahiliyya? Ku bar shi, abu ne mai ɗoyi. Buhari da Muslim sun kawo shi daga Jabir. Shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu kuwa ya samu abin da yake nema, ya shiga rura wuta, yana kamanta Muhajirai da karen da ka ciyar ya yi ƙiba ya cinye ka, yana cewa idan aka koma Madina mai ƙarfi zai kori ƙasƙantacce. Malaman sira sun ce Annabi (SAW) ya sa aka ɗaura sirdi a lokacin da bai saba tashi ba, aka yi ta tafiya yini da dare har rana ta sake yin zafi, ta yadda da aka sauka kowa barci ya kwashe shi, ba a samu sukunin tauna maganar ba. Ya san cewa jita-jita tana son zama, tana son majalisa. A yau majalisar tana cikin aljihunmu, a WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma ba ta barci.

Kun ga Ibnu Ubayyu da kare ya fara. Kusan ko'ina haka ake farawa, sai an cire wa mutum rigar ɗan'adam kafin hannu ya iya ɗaukar adda a kansa. A Ruwanda, a 1994, kafin a kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari, gidan rediyon RTLM ya daɗe yana kiran 'yan Tutsi da kyankyasai. Kisan ma ba kisa suke ce masa ba, "aiki" suke cewa. Maƙwabci ya fita da adda da safe kamar mai zuwa gayyar noma, ya sare wanda suke cin kasuwa ɗaya. Wa ke jin ciwo don ya take kyankyaso? To mu fa, da wane suna muke kiran waɗanda ba namu ba? Kowa ya san amsar a zuciyarsa. Mu ma akwai sunan da ake kiranmu da shi a wasu wuraren, kuma mun san zafinsa.

Mun san zafinsa ƙwarai. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, aka tare motar wasu mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo. Daga jihar Ribas suka taso za su gida Kano su yi Sallah da iyalansu. An ga bindigogin farauta a tare da su, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, shi ke nan. Aka yi ta dukansu, aka sa musu taya aka cinna wuta, mutum goma sha shida. Na kalli sakan kaɗan na bidiyon na kashe, na kwana ban runtsa ba. Kafin nan, ranar 14 ga Agusta 2021, an tare matafiya a hanyar Rukuba da ke Jos, suna dawowa daga zikirin shekara a Bauchi za su Ikare ta jihar Ondo, aka kashe fiye da ashirin. Laifinsu shi ne hanya ta biyo da su ta wurin a ranar da zukata suke tafasa. Mun yi kuka, mun yi Allah wadai, mun ce ina hukuma, ina bincike, me ya sa ba a kai su kotu ba in ana zarginsu. Kuma gaskiya muka faɗa.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A watan Mayun 2022 a Sakkwato, ɗalibai sun jefe wata ɗaliba a kwalejin ilimi suka ƙona gawarta bisa zargin ɓatanci. A watan Yunin 2023, a garin dai, aka jefe wani mahauci, Musulmi mai sallah, bisa irin wannan zargi, yara ƙanana suna cikin masu jifa. Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan ɗalibar, amma mu nawa ne muka iya buɗe baki? Da yawanmu shiru muka yi, wasu ma suka yi ta rubuta kabbara. Tambayoyin da muka yi wa mutanen Uromi, ina shaida, ina alƙali, ina bincike, su ne dai tambayoyin da muka ƙi yi wa kanmu.

Na san a nan wani zai ɓata rai, don haka bari na faɗa a fili. Taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW) babban laifi ne, kuma duk zuciyar da ba ta ji ciwonsa ba to ta binciki imaninta. Ni ma ina jin wannan ciwon, ina roƙon Allah Ya kashe ni a kan son Annabi. Amma malaman mazhabarmu da sauran mazhabobi sun tafi a kan cewa tsayar da haddi aikin shugaba ne ko wanda ya wakilta, bayan an gurfanar da mutum, an ji shaidu, an tantance lafazin da ya furta, an duba hankalinsa. Ba a taɓa miƙa wannan aiki ga wanda ya fi kowa ƙarfin murya a kasuwa ba. Usamatu ɗan Zaidu masoyin Annabi ne ɗan masoyinsa, a fagen yaƙi yake, ya cim ma mutumin da yake yaƙarsu, mutumin ya ce La'ilaha illallahu, Usama ya soke shi don yana ganin tsoron makami ne ya sa ya faɗa. Annabi (SAW) ya ce masa, ka tsaga zuciyarsa ne? Ya yi ta maimaita masa har Usama ya ce ya yi burin a ce sai ran nan ya musulunta. In Usama bai tsira da hujjar kishi ba, ni da kai su wa? Kuma a gari irin namu, inda kishiya ke iya ƙulla wa kishiya sharri, abokin kasuwa ya ƙulla wa abokin kasuwa, mai bin bashi da wanda ake bi kowa na neman hanyar kau da ɗan'uwansa, in muka bar ƙofar nan a buɗe, kalma ɗaya ta isa a kashe kowannenmu kafin ya buɗe baki. Allah Ya ce a Suratul Hujurat, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, kada ku afka wa mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama.

Wutar kuma fa? Wannan taya da fetur da suka zama mana kamar ado? Annabi (SAW) ya ga an ƙona gidan tururuwa a wata tafiya, ya tambayi wanda ya yi, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Tururuwa fa. Yanzu a ce da sunan kare martabar wannan Annabi mai tausayin tururuwa ake cinna wa ɗan'adam wuta, ana ɗauka a waya.

Akwai hujja ta biyu da ake kawowa, kuma ba zan raina ta ba don akwai gaskiya a cikinta. Ana cewa hukuma ba ta komai, ka kai ɓarawo yau gobe ka gan shi a gari yana yi maka dariya. Wanda 'yan ƙwacen waya suka soke wa ƙane a Kano, ko wanda ɓarayin daji suka kwashe wa mata da 'ya'ya a Zamfara, ba zan tsaya a gabansa na ce bai san zafi ba. Ya fi ni sani. Kuma shugabannin da suka bar shari'a ta zama abin saye da sayarwa suna da kaso mai nauyi a cikin kowane jinin da aka zubar a titi, za su amsa a gaban Allah. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Amnesty ta ƙirga mutum 555 da irin wannan hukuncin taro ya rutsa da su a Nijeriya daga 2012 zuwa 2023, waɗanda labarinsu ya fito ke nan. To sata ta ƙare? Wa kuma ake kamawa? Babban ɓarawon da ya wawure kuɗin asibiti yana wucewa cikin mota mai baƙin gilashi muna ɗaga masa hannu muna ranka ya daɗe. Wanda muke ƙonawa shi ne almajirin da babu mai tambayar inda yake, da mai taɓin hankali, da baƙon da bai iya yaren garin ba, da tsohuwar da aka ce mayya ce. Jarumtarmu a kan marar gata take ƙarewa.

Hujja ta uku ita ce ta fi kowacce cin rayuka: su ma haka suke yi mana. A watan Mayun 2004 an yi wa Musulmi kisan gilla a Yalwan Shandam ta jihar Filato, ɗaruruwa, bayan a watan Fabrairun shekarar an kashe Kiristoci da dama a garin, wasu a cikin coci. Kwanaki kaɗan bayan haka aka tashi a Kano aka afka wa mutanen da ba su taɓa taka Yalwa ba, wasunsu ma a Kano aka haife su. A Fabrairun 2006 aka yi zanga-zangar zanen ɓatancin da wata jarida ta yi a can Denmak, ta rikiɗe a Maiduguri aka kashe Kiristoci aka ƙona coci-coci. Ba a rufa mako ba aka huce a kan 'yan Arewa a Anaca, masu sayar da goro da masu gyaran takalmi da 'yan dako, bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wanda ya yi zanen yana can ƙasarsa yana shan shayi. A Zamfara da Katsina kuwa yau ba ma maganar wani addini ake ba: 'yan sa-kai su kama Bafulatani a kasuwa su yanka don kamanninsa, 'yan bindiga su zo da dare su ƙone ƙauyen da bai san an yi ba, kowane ɓangare yana salati yana cewa ramuwa yake yi. Allah kuwa Ya faɗa a Suratul An'am, Ya maimaita a wasu surorin, cewa babu rai mai ɗaukar laifin wani rai. Ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya kashe wanda ba Musulmi ba da ke zaune da mu bisa amana, ba zai ji ƙanshin Aljanna ba.

Dubi yadda shi ya yanke wannan igiya. A hajjin bankwana, a Arfa, ya shelanta cewa duk jinin jahiliyya an yafe shi, yana ƙarƙashin ƙafarsa. Sannan ya ce jinin farko da zai fara yafewa shi ne na gidansu, jinin ɗan Rabi'atu ɗan Harisu, wanda ake shayarwa a Banu Sa'ad, Huzailu suka kashe shi. Da nasa ya fara. Mu kuwa kowa jira yake ɗaya ɓangaren ya fara.

Kada wani ya ɗauka al'adarmu babu komai a cikinta sai zuga. Kakanninmu sun bar mana magunguna, mu ne muka yi sakaci da su. Wasan taubasantaka da ke tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa, masana al'ada suna cewa da yawansa daga tsohuwar gaba da yaƙi ya samo asali, aka mayar da takobi ya koma tsokana da dariya. A Nijar har UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan wasa cikin kayan gadon duniya a 2014. Fulani da Tibi ma abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ku dubi abin da ke tsakaninsu yau a Binuwai. Mun gaji "baƙonka annabinka". Mun gaji cewa wanda ya faɗa zauren dattijo ya tsira, ba a bin sa ciki. Wannan kuwa yana da asali a addini: ranar buɗe Makka, Sayyidina Ali ya so ya kashe wani da 'yar'uwarsa Ummu Hani ta ba mafaka, ta je ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya ce mun ba da mafaka ga wanda kika ba mafaka, ya Ummu Hani.

Kuma a zamaninmu an samu wanda ya raya wannan sunna. Ranar 23 ga Yunin 2018, mahara suka afka wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar, akasarinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom. Limamin garin, Malam Abdullahi Abubakar, dattijo mai shekara tamanin da 'yan kai, ya buɗe gidansa ya shigar da mata, ya buɗe masallaci ya shigar da maza, mutum 262. Maharan suka zo suka ce ya fito da su. Ya ƙi. Ya durƙusa a gabansu yana roƙo, ya ce in dai sai an kashe wani to a fara da shi. Suka juya suka tafi. Da aka tambaye shi daga baya, ya tuna cewa shekaru da dama da suka wuce Kiristocin wurin ne suka bar Musulmi suka gina masallacin. Ba shi da bindiga, ba shi da ɗan sanda ko ɗaya a bayansa. Amurka ta karrama shi a 2019, amma ni abin da nake hange shi ne ayar Ma'ida ta 32, wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Shi kuwa 262 ya raya a yini guda.

Ba kowa ne zai iya abin da Malam ya yi ba, na sani, kuma ban ce ka jefa kanka cikin halaka ba. Amma ɗan'uwa, idan ka ji ihu, kana iya riƙe ƙafarka. Kana iya riƙe ɗanka da ƙanenka. Kana iya kiran mai unguwa ko jami'an tsaro maimakon ɗaga waya kana ɗaukar hoto. Idan ka san wani a cikin masu dukan, kira shi da sunansa da sunan mahaifinsa, da ƙarfi, yadda zai tuna cewa an san shi. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, aka ce ta yaya za a taimaki azzalumi, ya ce ka riƙe hannunsa. Idan aka turo maka murya ko bidiyo ana cewa ga abin da suke yi wa 'yan'uwanmu, a yaɗa, tsaya ka tambaya a ina, yaushe, wa ya gani. Sau da yawa tsohon hoto ne na wata ƙasa daban. Yatsan da ya tura yana cikin waɗanda za su yi magana ranar da aka rufe bakuna. Malamanmu masu hawa mumbari, ku ji tsoron Allah a kan matasan da ke zaune gabanku ranar Juma'a, sun yarda da ku fiye da iyayensu, kuma abin da kuka faɗa da zafi su da hannu suke fassara shi.

Ni dai Inna ta rasu da daɗewa, Allah Ya jiƙanta Ya sa Aljanna ce makomarta. Yaron kuwa ban sake ganinsa ba. Na tambaya a ƙofar mai unguwa bayan wasu shekaru, aka ce baƙo ne, daga wani ƙauye ya zo cin kasuwa, kuma tun ranar bai sake dawowa ba. Malamina ya ce mini haƙƙin bawa sai bawa ya yafe, tunda kuma ban same shi ba, na yawaita yi masa addu'a da sadaka. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina yi. In Allah Ya sa kana raye, kuma rubutun nan ya iso gare ka, kai da aka lulluɓa wa mayafi a bayan rumfar mahauta, ni ne na jefe ka a kafaɗa. Don girman Allah ka yafe mini.